Wai me kamfanin Palantir yake sayar wa gwamnatoci ne har ya yi wannan tashin?

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya, yace yana ta ganin sunan Palantir a labaran yaƙin Yukren da Gaza da kuma wajen masu harkar hannun jari, wasu na cewa kamfanin leƙen asiri ne mai satar bayanan mutane, wasu na cewa shi ne kamfanin da zai mallaki gobe, to shi dai yana so ya san me suke sayarwa takamaimai, kuma ya aka yi kamfanin da shekara goma baya ko a Amurka ba kowa ya san shi ba yanzu darajarsa ta wuce ta masu ƙera jiragen yaƙi.

To malam, amsar a taƙaice ita ce Palantir ba ya tattara bayanai da kansa kuma ba ya sayar da su. Abin da yake sayarwa manhaja ce da ke haɗa bayanan da hukuma ta riga ta mallaka amma suna warwatse a wurare daban-daban. Aiki ne mai gundura in ka ji shi a baki, ni da nake harkar rumbun bayanai na san ba wanda yake tafa maka in kace sana'arka kenan. Amma a nan kuɗin yake, kuma a nan haɗarin yake, duka biyun wuri ɗaya.

Sai ka koma harin 11 ga Satumba 2001 kafin ka gane dalilin kafa shi. Biyu daga cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, hukumar CIA ta san da su tun Janairun 2000, ta bibiye su har wani taro a Kuala Lumpur. Suka shiga Amurka ta Los Angeles a wannan watan, suka zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya, al-Hazmi ma har sunansa na cikin littafin lambobin waya na garin. Amma ba a saka su cikin jerin waɗanda ake nema ba sai ƙarshen Agustan 2001, makonni kaɗan kafin harin. Wato bayanin yana nan, CIA na riƙe da wani ɓangare, FBI na da wani, shige da fice na da wani, kowa ya ƙanƙame nasa. Kwamitin da ya binciki harin ya fitar da rahoto a 2004 ya nanata wannan matsalar ta rashin musayar bayanai. Kaga kenan gwamnati ta fito kasuwa da kuɗi a hannu tana neman mai haɗa mata.

Su kuma waɗanda suka kafa kamfanin daga PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, tunanin ya zo musu. Wajajen 2000 'yan damfarar katin banki, da yawansu daga Rasha, suna yi wa PayPal asarar miliyoyin daloli duk wata. Da farko an gwada barin kwamfuta ta kama su ita kaɗai, sai ya zama duk dokar da aka rubuta mata ɓarayin su gano su canza salo. Sai injiniyoyin suka canza dabara, kwamfuta ta tace ta ware hada-hadar da ke da alamar tambaya ta zana yadda kuɗin ke zagayawa daga wannan asusu zuwa wancan, mutum kuma ya zauna ya duba ya yanke hukunci. Suka sa wa tsarin suna Igor, sunan wani ɗan damfara da ya addabe su. Bayan eBay ta sayi PayPal a 2002 kan dala biliyan 1.5, Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PayPal, yace in wannan dabarar ta kama ɓarayin kati to za ta kama masu shirya hari. A 2003 aka kafa Palantir, shi da Joe Lonsdale da Stephen Cohen da Nathan Gettings da Alex Karp. Shi Karp ɗin da ya zama shugaba ba injiniya ba ne ma, abokin karatun Thiel ne a makarantar lauya ta Stanford, ya je Frankfurt ya yi digirin dakta a fannin falsafar zamantakewa. Thiel ɗan ra'ayin riƙau, Karp kuma yana kiran kansa mai sassaucin ra'ayi, kuma wannan haɗin ya yi musu rana daga baya don duk jam'iyyar da ta hau suna da wanda zai shiga ofis a saurare shi.

Masu zuba jari na Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, ba su kula su ba da fari, don a lokacin kowa ya san sayar wa gwamnatin Amurka manhaja wahala ce, sai ka shekara kana cike takardu. Thiel ne ya riƙe kamfanin da kuɗinsa da na asusun jarinsa, wajen dala miliyan 30. Sai In-Q-Tel, reshen zuba jari na CIA, ya saka kusan dala miliyan 2. Mutane suna yawan kama wannan suce ai CIA ce ta kafa shi. Miliyan 2 ba komai ba ce a wannan harkar. Abin da In-Q-Tel ya ba su wanda ya fi kuɗin shi ne ƙofa, aka bar yaran injiniyoyinsu suna zama da jami'an da ke nazarin bayanan sirri suna kallon yadda suke aiki, su koma su gyara manhajar su dawo, haka suka yi ta safa da marwa na shekaru kafin manhajar farko mai suna Gotham ta fito a 2008.

Bari in nuna maka aikin da idonka, don in ba haka ba duk maganar za ta tsaya a iska. Na taɓa aikin haɗa rajistar wata ƙungiya da ke raba tallafi, rajista daga ofisoshi daban-daban. Mutum ɗaya ne amma a nan an rubuta Muhammad Sani, a can Mohammed Sani, a wani Moh'd Thani, wani ofishin kuma ya juya ya saka sunan uba a farko. Ranar haihuwa rabin mutanen 1 ga Janairu ce don magatakarda ya gaji da tambaya. Lambar waya wani ya fara da sifili wani ya fara da lambar ƙasa. Ga kuma matsalar da ta fi wannan, Muhammad Sani na gaske guda nawa ne a gari ɗaya, in ka haɗe su ka mai da mutum biyar mutum ɗaya ka zalunci huɗu. To wannan shi ne ainihin ciwon kan, gane cewa wannan layin da wancan layin mutum ɗaya ne, wancan kuma ba shi ba ne duk da sunan ya zo ɗaya. Ka ninka wannan sau dubbai, ka ƙara da rahotannin da sojoji suka rubuta da hannu, hotunan jirage marasa matuƙi, rajistar kiran waya, zanen yatsu, takardun banki, kowanne a tsohuwar kwamfutar da aka saya tun zamanin da, kowanne da dokar wanda aka yarda ya gani.

Abin da manhajar Palantir take yi shi ne ta ɗora shimfiɗa ɗaya a kan duk waɗannan, ta mai da layukan su zama abubuwan da mutum ya sani, wannan mutum ne, wannan mota ce, wannan waya ce, wannan gida ne, wannan abin da ya faru ne ranar kaza, sannan ta ja zare tsakaninsu. A Afganistan da Iraƙi babban abin da ke kashe sojojin Amurka bama-baman da ake binnewa a hanya ne. Jami'i zai buɗe taswira ya ga duk inda bam ya tashi cikin wata shida, ya ware waɗanda aka haɗa da irin waya ɗaya, ya ga zanen yatsan da aka samu a kan ɓaraguzan biyu daga ciki ya yi daidai da na wani da aka taɓa tsayarwa a shingen bincike, ya ga lambar wayar mutumin tana yawan kiran wata lamba a wani ƙauye. Da can wannan aikin sati biyu ne na aika takarda ofis-ofis, yanzu kafin shayinsa ya huce ya gama. Kuma tsarin yana rubuta wa ya buɗe me, yaushe, wanda kamfanin yake yawan tinƙaho da shi a matsayin kariya ga haƙƙin mutane. Zan dawo kan wannan.

Akwai jita-jitar cewa da manhajarsu aka gano Usama bin Laden a 2011. Ba wata hukuma da ta tabbatar, kamfanin kuma bai ce eh ba bai ce a'a ba, ya bar maganar tana yi masa talla kyauta.

Ni a ganina abin da ya ɗaga su ba manhajar ba ce kaɗai, yadda suke shigar da ita ne. Sauran kamfanoni suna sayar maka su ba ka littafin bayani su tafi. Palantir kuwa injiniya suke turowa ya tare a ofishinka, ko a sansanin soji a Kandahar, yana zaune kusa da mai amfani da ita, ka yi ƙorafi da safe da yamma ya gyara. Shekaru masu nazarin kasuwa suna musu dariya suna cewa wannan ai ba kamfanin manhaja ba ne, kamfanin 'yan kwangilar ba da shawara ne da ya sa rigar manhaja, don kowane kwastoma sai an kashe masa maƙudan kuɗi kafin a fara cin riba. Kuma da gaskiyarsu a lokacin. Abin da ba su lissafa ba shi ne duk ofishin da injiniyan nan ya shekara biyu a ciki, ya haɗa musu rumbuna talatin, ya tsara yadda ma'aikata ke aikinsu na kullum a kan manhajar, to cire ta ya zama aikin da ba daraktan da zai so ya ɗauko a zamaninsa.

Sai rigimarsu da rundunar sojin ƙasa ta Amurka, wadda a wajena ita ce mahaɗar labarin gaba ɗaya. Rundunar tana da nata tsarin da ake kira DCGS-A, wanda manyan 'yan kwangilar tsaro irin su Raytheon da Lockheed Martin da Northrop Grumman suka gina, an narka biliyoyin daloli a ciki, sojojin da ke fagen daga kuma suna ta kukan yana da nauyi, yana tsayawa, ba ya aiki in intanet ta yi rauni. Wasu rundunoni na musamman da sojojin ruwa na Marine sun riga sun ɗanɗana Palantir, labari ya bazu, kwamandoji suka fara rubuto takardar buƙatar gaggawa a ba su. A 2010 Janar Michael Flynn, wanda shi ne babban jami'in bayanan sirri na soji a Afganistan lokacin, shi ma ya rubuta irin wannan buƙatar. Manya a Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, suka yi ta jan ƙafa, don karɓar Palantir tamkar amsa cewa kuɗin da aka zuba a nasu tsarin ya tafi a banza ne.

Da rundunar ta fito da sabuwar kwangila ta kusan dala miliyan 206 don gina kashi na biyu na tsarin, aka rubuta sharuɗɗan yadda sai mai ginawa daga tushe ne zai iya nema, Palantir ya yi abin da 'yan kwangila ba sa yi, ya maka kwastoman da yake nema a kotu, a watan Yunin 2016. Hujjarsu wata doka ce ta 1994 da tace kafin hukumar gwamnati ta kashe kuɗi ta gina abu sabo dole ta duba ko akwai irinsa a kasuwa da za a saya kai tsaye. Dokar tana nan shekara ashirin ana mata kunnen uwar shegu. A Oktoban 2016 alƙaliya ta ba Palantir gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018, a Maris 2019 kuma rundunar ta zaɓe su a kan Raytheon a kwangilar da ta haura dala miliyan 800. Wannan hukuncin ba su kaɗai ya buɗe wa ƙofa ba, duk ƙananan kamfanonin fasahar tsaro da suka biyo baya ta nan suka bi. In kana neman ranar da Palantir ya tashi daga ɗan kamfanin 'yan leƙen asiri ya zama babban ɗan kwangilar tsaro, to nan ne.

Abu na biyu, suna ɗaukar aikin da wasu ke gudu. A 2018 ma'aikatan Google sama da 3,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da Project Maven, shirin Pentagon na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gane mutane da motoci a bidiyon jirage marasa matuƙi. Google, wanda ke yi wa shirin aiki, ya ce ba zai sabunta kwangilarsa ba. Palantir ya shiga. Karp ya mai da wannan ya zama tutarsa, yana cewa kamfanonin Silicon Valley sun yarda su sayar da bayanan mutane don talla amma suna ƙyamar taimakon sojan ƙasarsu, har ya kwashe hedikwata daga Palo Alto ya koma Denver a 2020. A takardun shigarsu kasuwar hannun jari sun rubuta ƙarara cewa ba sa aiki da jam'iyyar kwaminis ta China, sun zaɓi ɓangare. Ko ka so mutumin ko ka ƙi shi, bai ɓoye abin da yake yi ba, wannan kam a ba shi.

Maganar kuɗi kuwa, abin da mutane ke mantawa shi ne kamfanin nan ya kusa shekara 20 bai ci riba ba. A 2019 ya samu dala miliyan 742 ya yi asarar kusan miliyan 580. Ya shiga kasuwar New York ranar 30 ga Satumba 2020 hannun jari ɗaya na wajen dala 10, ya hau ya sauko, ƙarshen 2022 yana wajen dala 6, a lokacin da yawa sun yi masa jana'iza. A wata ukun ƙarshe na 2022 ne ya fara nuna riba ta gaskiya.

Abubuwa uku ne suka taru suka tura shi. Korona ta zo gwamnatoci suka rasa sanin gado nawa ya rage a wane asibiti, iskar oksijin tana ina. A Maris 2020 Palantir ya karɓi aikin haɗa wa hukumar lafiya ta Birtaniya NHS bayananta a kan fam 1. Fam ɗaya tak. Wannan ɗanɗanon mai tsire ne, ya yanko maka ɗan ƙarami kyauta ya san ba za ka wuce ba. Disamban wannan shekarar kwangilar ta koma fam miliyan 23, a Nuwamban 2023 kuma suka ci ta fam miliyan 330 ta tsawon shekara bakwai, ƙungiyoyin likitoci da masu kare haƙƙin marasa lafiya suna ta ƙorafi. A Amurka ma tsarin Tiberius da aka bi da shi wajen raba rigakafin korona a kan manhajarsu aka gina.

Sai Yukren. Ranar 1 ga Yuni 2022 Karp ya je Kyiv ya gana da Zelensky, wata uku da fara yaƙin, lokacin manyan shugabannin kamfanoni ba sa taka ƙasar. Manhajarsu tana haɗa hotunan taurarin ɗan adam na 'yan kasuwa da bayanan jirage marasa matuƙi da rahoton mutanen ƙasa ta nuna wa kwamanda inda tankokin Rasha suke, shi Karp da bakinsa yace yawancin zaɓen wuraren da ake kai wa hari a Yukren da manhajarsu ake yi. Maganar mai kaya ce, ka rage mata wani abu, amma duk janar-janar na duniya sun ji ta. Ana kuma amfani da ita wajen tsara share nakiyoyi da tattara shaidun laifukan yaƙi.

Na uku ChatGPT. Da ya fito ƙarshen 2022 kowane shugaban kamfani ya rikice yana son ƙirƙirarriyar basira, sai suka tarar ba ta da amfani in bayanan kamfaninka a hargitse suke, kuma ba za ka bar ta ta karanta abin da ba kowa aka yarda ya gani ba. Wato matsalar da Palantir ya shekara 20 yana fama da ita ita ce ta zama matsalar kowa. A Afrilun 2023 suka fito da AIP, wanda ke ɗora irin waɗannan manhajojin masu hira a kan bayanan da aka riga aka tsara. Su ba sa gina tasu manhajar hirar irin ChatGPT, ta wasu suke ɗauka su saka. Daga nan lissafi ya canza, 2023 kuɗin shiga dala biliyan 2.2, 2024 biliyan 2.87, Satumban 2024 aka saka su cikin S&P 500, jerin manyan kamfanoni 500 na kasuwar hannun jarin Amurka, a tsakiyar 2025 suka fara samun biliyan 1 cikin wata uku. Ta ɓangaren soji, Maris 2024 kwangilar TITAN ta dala miliyan 178, motocin yaƙi ne masu tattara bayanai inda karon farko kamfanin manhaja ne babban ɗan kwangila masu ƙera ƙarfe suna ƙarƙashinsa, Mayun 2024 Maven dala miliyan 480 da aka ƙara ta kai wajen biliyan 1.3 bayan shekara, NATO ta sayi nata Maven ɗin a 2025, sannan Agustan 2025 sojin ƙasa, waɗanda aka kai kotu ɗin nan, suka dunƙule kwangiloli 75 suka mai da su yarjejeniya ɗaya da za ta iya kai dala biliyan 10 cikin shekara 10. Ka lura da "za ta iya kai", rufi ne ba kuɗin da aka biya ba, 'yan jarida suna yawan haɗiye wannan.

Yanzu tambayarka ta leƙen asiri. In kana nufin suna shiga wayarka kamar Pegasus, manhajar kutsen waya ta kamfanin NSO, a'a, ba sana'arsu ba ce. In kana nufin suna tara bayananka suna sayar wa masu talla kamar yadda Facebook ke rayuwa, shi ma a'a. Bayanan na kwastoma ne, suna zama a hannun kwastoma, kuma kamfanin yana da gaskiya in ya faɗi haka. Amma ni wannan amsar ba ta kwantar min da hankali, ga dalili. Warwatsewar bayanan gwamnati ita kanta kariya ce ga talaka, ko da ba da niyya aka yi ta ba. Asibiti ya san ciwonka, ofishin haraji ya san samunka, 'yan sanda sun san an taɓa tsayar da kai, makaranta ta san ina 'ya'yanka suke, amma ba mutum ɗaya da ya san duka, kuma kafin wani jami'i ya tara su sai ya sha wahala, sai ya bar sawu, sai wani ya tambaye shi dalili. Abin da Palantir ke sayarwa shi ne cire wannan wahalar. In wanda ake nema mai dasa bam ne, alhamdulillahi. In ɗan jarida ne ko ɗan adawa ko baƙon da takardarsa ta ƙare, manhajar ba ta san bambanci ba, maɓalli ɗaya ne. Rajistar wa ya buɗe me da suke tinƙaho da ita kuwa tana da amfani ne kawai in akwai mai karanta ta kuma yana da ikon hukunta ogansa.

Kuma ba hasashe nake ba. Hukumar shige da fice ta Amurka ICE ta ba su kwangilar dala miliyan 41 a 2014, zamanin Obama fa, don tsarin bibiyar bincike. Kamfanin ya daɗe yana cewa ɓangaren binciken manyan laifuka yake wa aiki ba ɓangaren korar baƙi ba, sai takardu suka fito a 2019 suka nuna an yi amfani da tsarin a wani samame na 2017 kan iyaye da dangin yaran da suka tsallaka iyaka su kaɗai. A Afrilun 2025 kuma aka ƙara musu dala miliyan 30 don ImmigrationOS, wanda shi kam ba ɓoye-ɓoye, don saurin gano waɗanda za a kora ne. A New Orleans 'yan sanda sun yi amfani da manhajar daga 2012 wajen hasashen waɗanda za su iya shiga rikicin bindiga, 'yan majalisar birnin da yawa ba su ma sani ba sai da jarida ta tona a 2018, don an shigo da ita ne a matsayin kyauta ba ta bi ta kasafin kuɗi ba. A Janairun 2024, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza, kamfanin ya yi taron hukumar daraktocinsa a Tel Aviv ya sanar da ƙawance da ma'aikatar tsaron Isra'ila don ayyukan da suka shafi yaƙin. Sun musanta cewa su suka gina tsarin zaɓen mutanen da za a kashe da ake kira Lavender, amma ƙawancen kansa ba su musa ba, alfahari ma suke da shi, kuma saboda shi kamfanin zuba jari na Norway Storebrand ya sayar da hannun jarinsa a 2024.

Wanda ya fi burge ni a duk masu sukar shi ne kotun tsarin mulkin Jamus. 'Yan sandan jihar Hesse suna amfani da Gotham tun 2017 da sunan Hessendata. Ranar 16 ga Fabrairu 2023 kotun ta yanke hukuncin cewa dokokin Hesse da Hamburg da suka ba da izinin irin wannan nazarin sun saɓa wa tsarin mulki, kuma hujjarta ita ce daidai abin da nake faɗa, cewa haɗa bayanan da aka tara daban-daban yana haifar da sabon sani game da mutum, har da wanda ba a zarginsa da komai, shaida ne kawai ko lauya ko wanda lambarsa ta fito a wayar wani, don haka haɗawar kanta sai da dalili mai ƙarfi. Ba ta haramta manhajar ba, cewa ta yi a gyara dokar. Hesse ta gyara ta ci gaba, Bavaria ma ta saya.

Faransa kuma darasin wuyar fita ce. Hukumar tsaron cikin gidansu DGSI ta ɗauki Palantir a 2016 bayan harin Paris na Nuwamban 2015, aka ce na wucin gadi ne kafin a gina na gida, ƙasar da ta fi kowa kishin kada Amurka ta riƙe mata wuya kenan, amma an sabunta kwangilar fiye da sau ɗaya.

Siyasa ma tana ciki, kar wani yace maka zallar iya aiki ne. Thiel ya goyi bayan Trump a 2016, JD Vance, wanda ya zama mataimakin Trump a 2025, a kamfanin jarin Thiel ya yi aiki kuma Thiel ya zuba dala miliyan 15 a takararsa ta sanata a 2022. A Yunin 2025 babban jami'in fasahar kamfanin Shyam Sankar aka ba shi muƙamin laftanar kanar a rundunar ko-ta-kwana. Sai dai in ka ce Trump ne ya yi su ka yi kuskure, sun girma a ƙarƙashin Bush da Obama da Trump da Biden, ba wanda ya rage musu.

Inda abin ya taɓo mu kai tsaye shi ne hukumar abinci ta duniya WFP, wadda ke ciyar da miliyoyi a arewa maso gabashin Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 45 da Palantir a 2019 don tsara sayen abinci da jigilarsa. Ƙungiyoyi da dama sun rubuta mata takardar ƙorafi, ita kuma tace kamfanin ba zai ga bayanan masu karɓar tallafi ba. Sannan duk wanda ya yi layin BVN tun 2014 ko layin haɗa NIN da layin waya tun Disamban 2020 ya san wannan tunanin na haɗa rumbuna ya iso mu, ko da wane kamfani za a yi shi. An ce mana in an haɗa za a kama masu garkuwa da mutane, har yau suna kiran waya suna cinikin fansa, wanda ke nuna maka haɗa bayanai ba ya aiki in babu jami'in da zai tashi ya bi abin da allo ya nuna. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan a takarda, saura a ga ranar da za ta hana wata hukumar tsaro wani abu.

Darajar da ka ce ta wuce ta masu ƙera jirage, gaskiya ne. A 2025 hannun jarin ya haura dala 150, darajar kamfanin ta wuce dala biliyan 400, ma'aikatansa wajen 4,000 ne kawai. Lockheed Martin mai ƙera jirgin yaƙi na F-35 ya sayar da kayan dala biliyan 71 a 2024, sama da ninki 20 na Palantir, da ma'aikata sama da 100,000, amma a 2025 a kasuwa bai kai rabin darajar Palantir ba. Dalilin masu saye shi ne manhaja in ka gina ta kwafi na biyu kusan kyauta ne, jirgi kuwa kowanne sai ka sayi ƙarfe. Duk da haka wanda ya saya a wannan farashin yana biyan sama da dala 100 kan kowace dala 1 da kamfanin ya samu a shekara, samu fa ba riba ba, kuma sama da rabin samun daga gwamnatoci yake zuwa, waɗanda kasafinsu ke canzawa da zaɓe. Ga kuma wani nau'in hannun jari na musamman da Thiel da Karp da Cohen suka riƙe wanda ke ba su kusan rabin ƙuri'a ko da sun sayar da da yawa daga nasu, muddin abin da ya rage musu bai gaza wani adadi da aka ƙayyade ba, don haka mai ƙaramin hannun jari ba shi da ta cewa kan wa za a sayar wa manhajar da wa za a hana.